Lamba 16 a Rimot: Gaskiya da Shaci-faɗi Kan Sanyaya Gida a Arewacin Kamaru

A watan Afrilu na sauka gidan wani kawuna a Garwa, lokacin da zafin rana ke taɓa digiri 40, ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da tsakar rana. Gidan na da na'urorin sanyaya ɗaki uku, waɗanda a nan ake kira kilim, a Kano kuma AC. Akwai fanka biyar, da wata na'ura mai taya da ake ɗura wa ruwa. Duk rimot ɗin da na ɗaga, lamba 16 nake gani.

Na ce, "Kawu, me ya sa duka suke kan 16?"

Ya ce, "Ɗana, wutar nan ba ta da alƙawari. Gara ɗaki ya yi sanyi da wuri kafin a ɗauke."

Dalilinsa na da kyau, amma na'urar ba ta san da shi ba. Lambar da ke rimot ba totur ba ce. Umarni ne ga ma'aunin zafin da ke cikin na'urar, wato tamostat, cewa idan ɗaki ya sauko nan, a tsayar da kwamfiresa, wato injin da ke samar da sanyin. Kwamfiresar tsohon samfuri gudu ɗaya ta sani: ko tana aiki, ko tana hutawa. Ɗakin da ke digiri 35 zai sauko zuwa 25 a lokaci ɗaya, ko an sa 24 ko an sa 16. Bambancin kawai shi ne mai 24 za ta huta, mai 16 kuwa a ƙarƙashin rufin kwano ba za ta taɓa isa inda aka aike ta ba, sai ta kwana tana nishi, mita na juyawa. Hukumar tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ƙara na rage cin wuta da kusan kashi 6 cikin 100, shi ya sa tun Janairun 2020 sababbin na'urori a ƙasar ke fitowa a saite kan 24. Japan ma tun 2005 take kiran ofisoshi su tsaya a 28, ma'aikata su ajiye kwat da nakatai.

Zancen da ya fi yawo yanzu, musamman a bakin matasa masu kallon bidiyo a waya, shi ne wai akwai wani tamostat mai wayo da za a manna a bangon falo, ya riƙa sarrafa duk na'urorin gida shi kaɗai. Na'urar dai akwai ta. Nest ta fito a Amurka a 2011, Google ya sayi kamfanin a 2014 kan dala biliyan 3.2. Amma an ƙera ta ne don gidajen da inji guda ke tura iska mai sanyi ko mai ɗumi ta bututu zuwa kowane ɗaki, kuma siraran wayoyi masu ƙarfin bolt 24 ne ke haɗa ta da injin. Namu kuwa kowane ɗaki da tasa na'urar, rabi a ciki rabi a waje, kuma ba ta jin maganar kowa sai rimot ɗinta. Wanda ya yi odar Nest ya kawo Garwa ko garin Mayo-Ulo, ya sayi kwalliyar bango mai tsada.

Abin da ke aiki da irin namu shi ne ƙananan akwatunan da ke kwaikwayon rimot, irin su Sensibo da Broadlink. Suna karɓar umarni daga waya ta intanet, su harba wa na'urar wani haske da ido ba ya gani. Hasken ba ya ratsa bango, don haka ɗaki uku, akwati uku. Kuma magana ce ta gefe ɗaya: akwatin ya faɗa, amma bai san ko an ji ba. Idan labule ya tare, wayarka za ta nuna maka an kashe alhali na'urar na ta aiki. Idan wuta ta tafi da wayifai ɗin gidan, wayon ya tafi tare da ita.

To me ya rage na haɗa kan na'urori? Nan ne ainihin maganar, kuma a nan ne jita-jitar masu gyara ta zama gaskiya. Suna cewa lokacin da ake dawo da wuta ya fi lokacin ɗaukewa haɗari, kuma haka ne. Kwamfiresar tsohon samfuri na jan wuta ninki biyar ko fiye a daƙiƙar tashinta. Ka ƙaddara kilim uku, firji, firiza da famfon rijiya duk an bar su a kunne, suka yunƙura a tare. Ƙarfin wutar gidan zai faɗi, kwan fitila ya yi ja, injinan su yi ta gurnani ba su tashi ba, wayoyin cikinsu na zafi. In a janareta ne, za ka ji ya shaƙe kamar an maƙure shi. Haka kuma idan wuta ta ƙifta ta dawo nan take, kwamfiresa na bukatar kamar minti uku kafin matsin iskar cikinta ya daidaita. Shi ya sa na'urori da yawa ke jinkirta tashi da kansu, masu gida kuma su zaci lalacewa ce su hau duka da danne-danne.

Wannan matsala tamu ce ta musamman. Yankunan Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa na kan layin wuta guda da ba ya haɗe da na kudu, kuma ƙashin bayansa madatsar Lagdo ce a kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982 da injina huɗu masu bayar da megawat 72. Watannin da zafi ya fi tsanani su ne watannin da ruwan tafkin ya fi ja baya. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider, waɗanda suka fara aiki da megawat 30 a haɗe, sun rage raɗaɗi. Amma rana na faɗuwa a daidai lokacin da kowa ya koma gida ya danna rimot. Saboda haka haɗin kan da gida ke bukata a nan shi ne na layi: wa zai fara tashi, wa zai jira, wa zai haƙura gaba ɗaya. Ƙaramar na'urar jinkiri da ake soka filogi a cikinta, ko ɗan agogon soket mai lokaci, sun fi tamostat ɗin Amurka amfani nesa ba kusa ba.

Sai batun "inbata". Na ji mai shago na rantsuwa wai kilim mai inbata na da batir a ciki, yana aiki ko an ɗauke wuta. Ƙarya ce, sunan ne ya zo ɗaya da na akwatin sola. Inbatar kilim hanya ce ta sa kwamfiresa ta rage gudu ko ta ƙara maimakon tsayawa da tashi. Gaskiyar da ke ciki ita ce tana tashi a hankali, ba ta fizgar wuta, don haka ta fi zama lafiya da janareta da sola. Sai dai allon lantarkinta ba ya son wutar da ke hawa da sauka, gyaransa kuma ba na kowane bakin titi ba ne.

Gas ɗin kilim kuma ba ya ƙarewa kamar fetur. Zagaye yake yi a cikin rufaffen bututu, ko R22 ne na tsofaffi, ko R410A da R32 na sababbi. Idan ya ragu, akwai inda yake yoyo, kuma mai gyaran da ke zuwa duk shekara ya ƙara ba tare da ya nemi hujin ba, ya mai da kai saniyar tatsa. A gidan kawu, na'urar ɗakin baƙi da aka ce gas ɗinta ya ƙare, da muka ɗaga murfin sai ga ragar tace iska ta yi dam da ƙurar hunturu, kauri kamar bargo, har tana ɓantarewa a hannu. Bokiti ɗaya na ruwa ya warkar da ita.

Kunna fanka tare da kilim ba ɓarna ba ce. Fankar sama na cin wat 50 zuwa 75, kilim mai ƙarfin doki ɗaya da rabi na cin sama da 1,000. Iskar da ke kaɗawa a fata na sa 27 ta ji kamar 24 ko 25. Amma mutum fanka ke sanyayawa, ba ɗaki ba. Barinta a ɗakin da babu kowa sadaka ce ga mita.

Na'ura mai ruwa kuwa, masu yabonta da masu kushe ta duk suna da gaskiya, watan da suka gwada ta ne ya bambanta. Aikinta irin na randa ne: ruwa ya tashi ya zama tururi, ya tafi da zafi. A Maris, da iska ta bushe ƙayau, tana yin abin mamaki da wuta kaɗan, muddin taga na buɗe. A Agusta sai dai ta ƙara maka danƙo. Kuma kada a haɗa ta da kilim a rufaffen ɗaki, domin ɗaya na zuba laima, ɗayar na kwashewa.

Ɗumama gida ba ya damun mu sai a Disamba da Janairu, da asubahin hunturu, musamman a ƙauyukan gindin duwatsu wajen Mayo-Ulo. Yawancin kilim da ake sayarwa a nan sanyi kawai suka iya, ko da akwai hoton rana a rimot. Inda aka samu masu yin duka biyun a falo guda, kada a bar su su zaɓa da kansu, don ɗaya na iya ɗumamawa ɗaya na sanyayawa. Abin da mutane suka fi amfani da shi dai kaskon gawayi ne, kuma maganar tsofaffi a kansa ba camfi ba ce. Garwashi na fitar da iskar guba marar wari marar launi ko da hayaƙi ya daina tashi, mai barci kuma ba ya farkawa ya gudu. A ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon zuwa tsakar gida, sannan a ja ƙofa.

Kafin in bar Garwa, kawu ya sa ƙaramar 'yarsa ta rubuta jeri a bayan kwalin shayi, aka liƙa kusa da mita: firji farko, bayan minti biyar ɗakin Hajiya, sannan nasa, famfo sai da safe. Rimot biyu sun koma 25. Na ɗakinsa dai, da na leƙa yi masa sallama, yana nan a kan 16.