Rumbun Ikilisiya: Yadda Masu Bi Ke Riƙe Juna a Ƙasar Tsanyawa

Matafiyin da ya tashi daga Kano ya nufi Katsina, da ya wuce Bichi sai ya shiga ƙasar Tsanyawa. Dama da hagu gonaki ne manne da juna, gero da dawa da wake da gyaɗa, ba sauran daji sai kuka da ɗorawa da gawo tsaye a tsakiyar gona. Yawancin jama'ar Musulmi ne. Amma wanda ya bar kwalta ya bi hanyar ƙauye, a wannan yanki da maƙwabtansa, zai tarar da 'yan'uwanmu Masihiyawa, Hausawa gaba da baya, waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, suna sujada a ƙananan majami'u masu rufin kwano.

Bishara ba ta shigo ƙasar Kano da sauƙi ba. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a cikin masarautu, sai a Sabon Gari. Aikin jinyar kutare ne ya buɗe ƙofa, sa'ad da mishan ta SIM ta karɓi asibitin Yadakunya wajen 1937. Asibitin Ido na Kano ya biyo baya a 1943, aka kuma kafa tashoshi a wurare irin su Roni, wadda yanzu take Jihar Jigawa, da Karaye da Kabo da Tofa, inda aka horar da masu bishara. Littafi Mai Tsarki da Hausa ya riga ya fito tun 1932. A 1954 ikilisiyoyin suka haɗu suka zama ECWA. Daga baya gwamnati ta karɓi yawancin makarantu da asibitocin mishan a shekarun 1970, Turawa kuma suka yi ta komawa gida. Ikilisiyar ƙauye ta tashi da Littafinta da Littafin Waƙoƙi, da kuma fartanya.

To, da wannan fartanya ne ake riƙe aikin Ubangiji a irin waɗannan wurare. Manomi ba shi da albashin wata, don haka zakkarsa da kaka take fitowa. In ya ɗaure dami goma, ɗaya na Ubangiji ne. Ranar godiyar kaka sai ka ga gaban bagadi ya cika da dammunan gero da dawa, da kwaryar wake, da kabewa, wani ma ya jawo akuya. Inda ikilisiya ke da gona, akan sa ranar gayya a nome ta, maza na huɗa, 'yan Zumuntar Mata na kawo kunu da fura. Abin da aka samu a zuba a rumbu ko a ɗinke a buhu.

Ranar wannan hatsi ba da kaka take ba, sai damina ta yi tsaka. Daga Yuli zuwa Agusta, rumbunan gida sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa, ga zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. A lokacin ne dattawa kan zauna da fasto su duba gida gida: gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, magidancin da ya sayar da hatsinsa tun da rani don kai matarsa asibiti. Wani a ba shi kyauta, wani rance ya biya da kaka ba tare da riba ba. Wannan rancen shi ke hana mutum jinginar da gonarsa, kuma a ƙasar da gado ya rarraba gonaki har suka zama ƙanana, wanda ya rasa gonarsa ya rasa zaman garin ke nan. Tsofaffin da suka ga farin 1973 da na 1984 ba sa bukatar a karanta masu labarin Yusufu a Masar kafin su gane amfanin ajiya.

Maƙwabci Musulmi ma ba a kan tambaye shi addininsa in yunwa ta shiga gidansa. Sau da yawa ai dangi ne, kaka ɗaya. Ana zuwa wa juna ta'aziyya da barkar haihuwa, a aika tuwon Kirsimeti, a karɓi naman Salla. Wannan zumunci ya sha kare ƙauyuka a lokutan da birni ya yamutse, irin na Oktoban 1991.

Sai dai kada mu rufe ido, rumbun yana fuskantar matsi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin takin zamani da na mota suka yi tashin gwauron zabi, amfanin gona ya ragu wa mai ƙaramin ƙarfi. Samari sukan tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas, wasu ba sa dawowa noma. Shi kansa fasto daga wannan hatsi yake ci, ga kuma kason da ake aikawa gunduma. Idan dattawa suka yi sake aka sayar da hatsin tun Disamba don sayen lasifika ko fentin bango, to Agusta za ta zo ta tarar da rumbu wayam. A ganinmu wannan kuskure ne babba, kuma yakan faru ne in ba a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Littafin lissafi guda, da mutum biyu masu riƙe mabuɗi, ɗaya daga cikinsu mace, sun isa su kashe zargi.

Ku kuma 'yan'uwa na manyan ikilisiyoyin birni, da yawanku daga irin waɗannan ƙauyuka iyayenku suka fito. In za ku kai ziyara, ku tambayi dattawa bukatarsu tukuna kafin ku ɗora kaya a mota. Wataƙila ba kujerun roba suke nema ba. Buhunan adana wake marasa shan iska, gyaran rijiya, kuɗin jarrabawar 'yan mata biyu ko uku, ko kuwa hatsi da za ku saya masu a watan Nuwamba yana da araha, a ajiye har damina.