Dasashi da maƙoƙo: Abin da likitan haƙori ya gani a bakin yayata

Ni ba likita ba ne, malamin harshe ne, kuma ba don abin da ya sami yayata ba da ban tsoma baki a wannan magana ba. Kusan shekara biyu ta yi tana fama da dasashi: in ta yi asuwaki sai jini, bakin ya riƙa bushewa, daga bisani haƙoran ƙasa suka soma girgiɗi. Muka ɗora laifin a kan goro, muka ɗora a kan shekaru. Ranar da na kai ta wurin likitan haƙori ana tsakiyar bazara, amma tana lulluɓe da mayafi mai kauri, wai sanyi take ji. Likitan ya duba bakin, ya dubi mayafin, sannan ya ce, “Hajiya, kina yawan jin kasala? Jiki ya ƙara nauyi alhali ci bai ƙaru ba?” Ta ce ƙwarai kuwa. Ya wanke mata haƙoran, ya tura mu gwajin jini da ake kira TSH. Sakamako ya nuna halittar nan ta gaban wuya da likitoci ke kira tayirod ta yi rauni.

Da aka gaya mata, cewa ta yi, “Ni ai ba ni da maƙoƙo.” Wannan amsa ita ta tsaya mini a rai, domin a fagena ta faɗo. Kalmar maƙoƙo suna ce ta abin da ido ya gani, wato kumburin wuya. Amma tayirod tana iya gazawa ko ta wuce kima wuya yana nan sumul, kuma ciwon da harshe bai raɗa wa suna ba, da wuya a kai ƙararsa asibiti.

Aikin wannan halitta shi ne fitar da sinadarai biyu, T4 da T3, waɗanda ke daidaita saurin aikin jiki, har da yadda ƙashi ke rushewa yana sake ginuwa. Haƙori kuwa a cikin ƙashin muƙamuƙi yake dashe. In sinadaran suka yi yawa, ƙashi yakan zaizaye fiye da yadda yake ginuwa. In suka yi kaɗan, rauni yakan yi jinkirin warkewa, harshe kan kumbura, yaro kuma haƙoransa su makara wajen fitowa. Bugu da ƙari, akwai nau'in da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa tayirod ɗin, wanda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, kuma masu shi sukan yi kukan bushewar baki. Yawu ko shi ne ke wanke baki dare da rana. In ya ƙafe, ƙwayoyin cuta sun samu gari.

Sai dai kada mai karatu ya zarce. Tushen ciwon dasashi shi ne dattin da ke taruwa a gindin haƙori, kuma ciwon suga da shan taba sun fi tayirod ƙarfin alaƙa da shi nesa ba kusa ba. Abin da bincike ya nuna shi ne ana yawan samun cututtukan biyu a jikin mutum guda, kuma dasashin mai raunin tayirod ya fi saurin lalacewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mummunan ciwon dasashi ya kama kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya, ba dukansu ne kuwa ke da matsalar wuya ba.

Inda na ga haɗarin ya fi shi ne ɗabi'armu ta raba jiki gida-gida: baki na likitan haƙori, wuya na wani, kowa ba a gaya masa labarin ɗaya. Allurar kashe zafi da ake yi kafin cire haƙori galibi tana ɗauke da adirenalin, wanda ke iya tayar da bugun zuciyar wanda tayirod ɗinsa ta yi yawa kuma ba a shawo kanta ba. Haka mai shan kabimazol, in ya ga gyambon baki da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi, lallai ya garzaya asibiti a ranar, domin maganin kan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta. Ba lokacin kurkure baki da ruwan gishiri ba ne.

Tun da Nijeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishiri a 1993, maƙoƙon da muka saba gani a kasuwannin ƙauye muna yara ya ragu, har wasu suka ɗauka zancen ya ƙare. Wanda ake gani ne ya ragu.

Yaya dai yanzu kullum da asuba takan haɗiyi ƙwayarta kafin ta karya, duk wata shida kuma a wanke mata haƙora. Jinin ya tsaya, mayafin ya koma akwati sai hunturu. Haƙori ɗaya ne bai tsira ba, an cire shi bayan ƙaramar salla.