Ko Ka Sani? Yadda Ake Janye Rarar Kuɗi Daga Katin Tallafi

Ko ka sani, mafi yawan katunan nan na roba da ake raba wa mabukata domin su karɓi tallafi, babu ko kwabo a cikinsu? Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Abatuwa ta Jos, inda mahauta suke fito da nama daga kwata, masu dankalin Turawa da kabeji da karas kuma suna jere a bakin titi, ya ga yadda mutum yake miƙa wa mai POS kati a zura a na'ura, ya danna lambobin sirri huɗu a ƙirgo masa takardun naira, to, ba laifinsa ba ne in ya zaci dukiyar tana ƙunshe cikin ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinariya da ke fuskar katin. Alhali kuwa ɗan ƙarfen, wanda wani Bafaranshe mai suna Roland Moreno ya yi wa irinsa rajista tun a 1974, aikinsa shaida ne kawai, watau ya tabbatar wa na'ura cewa katin na gaskiya ne. Kuɗin kuwa rubutu ne a littafin banki, can cikin wata kwamfuta mai nisa, kuma duk sa'ad da aka zura kati sai tambaya ta tashi ta bi ta hannun masu haɗa bankuna, irin su Interswitch da aka kafa a 2002, ta je ta dawo da amsa cikin 'yan daƙiƙoƙi: akwai, ko babu.

Katin tallafi ya bambanta da na ma'aikaci ko ɗan kasuwa ta fuska ɗaya, domin shi littattafai biyu ne suke riƙe da shi. Na farko shi ne na banki. Na biyu kuwa shi ne manhajar da jami'in jinƙai yake rubuta bayanin kowane gida a cikinta, sunan mai gida, da yawan iyali, da irin musibar da ta afka musu, da adadin da aka yanke za a ba su. Asalin wannan aiki tsoho ne ƙwarai, gama diwanin da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, ya kafa domin rubuta sunayen masu rabo daga baitulmali, manufarsa ke nan. A ƙasarmu akwai rajistar gidajen marasa galihu ta gwamnatin tarayya, wadda daga 2016 aka riƙa ba wasu gidajen cikinta naira 5,000 a wata, har aka zuba dala miliyan 322.5 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido cikin shirin. A watan Oktoba na 2023 kuma aka ƙaddamar da wani na naira 25,000 a wata har wata uku, aka ce gidaje miliyan 15 ake nufi. Hukumar Abinci ta Duniya ita ma tana da tata manhajar mai suna SCOPE, wadda take aiki da ita a Borno da Yobe da Adamawa.

To, a tsakanin littattafan nan biyu kuskure yake samun ƙofa. Wani lokaci yatsan jami'i ne yake zarcewa ya ƙara sifiri ɗaya, 25,000 ta koma 250,000. Wani lokaci an rubuta gida ɗaya sau biyu saboda bambancin rubutun suna. Amma wanda ya fi ɓoyuwa shi ne wanda katsewar sadarwa take haifarwa, domin jami'i yakan danna umarnin a zuba kuɗi, umarnin ya isa banki a zartar da shi, amsar da za ta dawo ta tabbatar masa ita kuma ta maƙale a hanya, shi kuwa da ya ga allo bai nuna masa komai ba, ga jama'a sun yi layi tun asuba cikin sanyin Jos, sai ya sake dannawa da kyakkyawar niyya, katin ya sami rabo biyu alhali manhajarsa ɗaya ta sani. Saboda haka ne masu ƙera irin waɗannan manhajoji suke maƙala wa kowane umarni lambarsa ta daban, yadda in ya sake zuwa banki zai gane shi ya ƙi karɓa.

Yawanci ba a gano rarar sai an zo tantance lissafi, watau an jera abin da manhaja ta ce an bayar da abin da banki ya ce ya fitar, layi bisa layi. In aka ga saɓani, abu na farko da ake yi shi ne duba abin da ya rage a katin. Nan ma akwai wani abin lura da mutane ba su cika sani ba, domin kuɗin da aka taɓa a na'urar POS yakan zauna a riƙe na ɗan lokaci kafin ciniki ya kammala, bai bar katin gaba ɗaya ba, ba ya kuma janyuwa, sai dai a jira. Sa'an nan akan dakatar da katin. Jami'in da ya yi kuskuren ba shi da ikon gyara shi shi kaɗai. Sai ya rubuta buƙata ya faɗi dalili, wani na gaba da shi ya duba ya sa hannu, daga nan umarnin janyewa ya tafi banki.

Abin da ya fi burge ni a cikin wannan tsari shi ne ba a goge komai. Layin kuskuren yana nan yadda aka rubuta shi, da sunan wanda ya rubuta da ranar da sa'ar, sai a zo ƙarƙashinsa a rubuta wani layin mai warware shi, ta yadda mai binciken kuɗi da zai zo bayan shekaru zai ga an zuba kaza, an janye kaza, saura kaza, ga kuma hujja. Magatakardan baitulmalin En'e na dā sun san wannan ladabi tun suna rubutu da alƙalami da tawada, ba a kankare adadi a littafi. Hikimar a fili take: da a ce jami'i yana iya share abin da ya rubuta, da mai ha'inci ya zuba wa katin ɗan'uwansa rara da hantsi, a cire da azahar, ya share sawu kafin la'asar, ba wanda zai taɓa sani.

Akwai kuma wani irin kati, wanda aka yi domin sansanonin 'yan gudun hijira da ƙauyukan da sadarwa ba ta kai ba, shi kam ana rubuta rabon a cikin ɗan ƙarfen nasa, na'urar ɗan kasuwa ta karanta ta rage ba tare da ta tambayi kowa ba. Gyaran irinsa ba ya tabbata daga ofis, sai katin ya sadu da na'urar da labarin gyaran ya riga ya isa gare ta.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙananan ma'aikata ne kaɗai suke irin wannan tuntuɓe. A watan Agusta na 2020 bankin Citibank na Amurka ya tashi biyan ruwan bashin kamfanin Revlon, abin da bai kai dala miliyan 8 ba, sai ya aika da kusan dala miliyan 900, alhali mutum uku ne suka duba allon kafin a danna. Wasu daga waɗanda kuɗin ya faɗa wa suka ƙi maido da kimanin miliyan 500, alƙali ya ba su gaskiya a 2021, sai a watan Satumba na 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta warware hukuncin. In manyan attajirai masu lauyoyi sun yi shekara biyu ana ja da su, ina ga wanda yunwa ce ta kai shi layi?

Wannan shi ne wurin da na'ura ba ta da fatawa, watau in an riga an kashe rarar. Mu ɗauka wata dattijuwa ce da ambaliya ta ci gidanta, aka ba ta kati, ta zo Abatuwa ta tarar da abin da ya fi wanda aka faɗa mata. Ba ta iya karanta saƙon waya ba, ta ɗauka gwamnati ce ta ƙara, ta yi hamdala ta sayi masara da gawayi, ta biya bashin mai magani. Bayan kwana biyu ta dawo, mai nama ya riga ya auna mata rabin kilo ya ƙulla a leda, ta miƙa kati, na'ura ta tofo 'yar takarda.

"Mama, katin nan an rufe shi fa," in ji mai POS.

"An rufe? Ɗana, sake gwadawa, shekaranjiya na ciri kuɗi a nan wurinka."

Ya sake, amsa ɗaya ce. Sai ta kwance ledar ta mayar wa mahauci namansa a gaban mutane.

Hukuncin dukiyar kansa babu ruɗani a cikinsa. Abin da ya shigo hannun mutum bisa kuskure bai zama halalinsa ba, amana ce, kuma malamanmu na Malikiyya sun hukunta cewa ko tsintuwa sai an yi cigiyarta shekara guda. Maƙwabtanmu Kirista, waɗanda suke da yawa a unguwar Abatuwa, su ma haka suke koya wa 'ya'yansu. Rarar kuma haƙƙin wani gida ce da yake can ƙarshen layi yana jira. Amma shari'ar da ta wajabta mayarwa ita ce kuma ta yi umarni, a cikin Suratul Baƙara, da a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami hali, kuma ta bambanta wanda ya ci da sani da wanda ya ci bisa jahilci. Ni a ganina, tun da kuskuren daga ofis ya fito, nauyinsa na farko a wuyan ofis yake. Wajibi ne a kira mai katin, ko a aika mata ta hannun mai unguwa, a yi mata bayani da harshen da take ji kafin a dakatar da komai. A janye rarar kaɗai a bar mata haƙƙinta, kuma a buɗe katin a ranar. In ta riga ta kashe, to, a rage kaɗan-kaɗan daga rabon watannin gaba gwargwadon abin da ba zai hana tukunyarta hawa murhu ba, in kuwa tallafin na sau ɗaya ne kuma an tabbata ba da sani ta ci ba, shugaban ofis ya sa hannu a yafe, a rubuta shi asara a littafin hukuma. Kowane ɗaya aka zaɓa daga cikin biyun, lalle ne a rubuta a fayil ɗinta ƙarara cewa kuskuren na ma'aikata ne, domin jami'in da zai buɗe fayil ɗin baɗi bai san ta ba, abin da ya tarar a rubuce da shi zai yanke ko za a sake sa sunanta cikin masu karɓa.