Tayar da Tsohon Babur: Fenti Ne Aikin Ƙarshe

A gidaje da yawa na Kano, Zariya, Katsina da Sakkwato akwai wani babur da ke jingine a zaure ko a bayan ɗakin shirgi, an yafa masa tsohuwar tabarma, tayoyinsa sun sace har sun manne da ƙasa. Galibi Honda Benly ce, ko Roadmaster, ko Vespa, ko wata Suzuki mai hayaƙi. Mai shi ya manyanta ya daina hawa, ko kuma Allah ya yi masa rasuwa. Magada ba sa rububinsa a wurin rabon gado, amma kuma ba wanda zai iya buɗe baki ya ce a kira 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli. Sai a bar shi nan, shekaru su yi ta wucewa.

Yawancin waɗannan babura 'ya'yan zamani ɗaya ne. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa kan albashin ma'aikata a 1974, da aka biya ƙarin da ariyas ɗinsa a 1975 sai malamin makaranta da malamin asibiti da malamin gona suka sauka daga kan keke suka hau babur. A lokacin Honda CD175, wadda aka fara ƙerawa a 1967, ita ce abin hawan mutumin kirki mai albashi. Kasuwar ta yi albarka har kamfanin Honda ya kafa reshensa na haɗa babura a Najeriya a 1979, masana'antarsa tana Ota a jihar Ogun. Daga 1986 tsarin SAP ya karya darajar naira, sabon babur ɗan Japan ya fi ƙarfin mai albashi. Daga baya Jincheng da 'yan uwanta na ƙasar Sin suka cika titi, sannan Boxer ta Indiya ta biyo baya. Yanzu kuwa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mota ta zama kaya, sabon babur ma kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, mutane sun fara waiwayar abin da ke zaure.

Abin da ya kamata mai wannan niyya ya fara fahimta shi ne, ajiya ta fi hawa cin babur. Kullum za ka ji ana cewa, "Ai lafiyarsa ƙalau aka ajiye shi." Gaskiya ne, amma inji ba ya tsayawa yadda aka bar shi.

A fara da fetur. Shi fetur haɗin sinadarai ne iri-iri, wasu marasa nauyi masu saurin bin iska, wasu masu nauyi. Idan ya zauna, marasa nauyin, waɗanda su ne ke sa inji ya tashi da bugu ɗaya, sai su tsere. Abin da ya rage ya yi ta haɗuwa da iskar oksijin har ya zama wani danƙo ja mai warin tsohon fenti. Wannan danƙon ne ke toshe kafireto. Ramin da fetur ke bi idan inji na aiki a tsaye bai kai rabin milimita ba a ƙananan babura, don haka ɗan kaɗan ya isa ya rufe shi ruf.

Shi kuma tanki numfashi yake yi. Da rana iskar cikinsa ta yi zafi ta fita ta ɗan ramin murfi, da dare ta huce ta jawo sabuwa. A damina wannan sabuwar iska ɗauke take da laima, laimar ta zama raɓa a jikin ƙarfe, ta gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a ƙasan tanki ya yi ta cin ƙarfen daga ciki. Shi ya sa za ka ga tanki fes daga waje, amma da ka danna ƙasansa da yatsa sai ya ɓurma. Haka abin yake a cikin silinda: idan inji ya tsaya da wani bawul a buɗe, sai laima ta bi ta nan ta shiga, ringi ya yi tsatsa ya kama jikin silinda. Baƙin mai kuwa tuni ya tsiyaye ya koma ƙasa, ya bar sassan sama a bushe. Ga ɓera da ke gaigayar wayoyi, ga zanzaro da ke gina gidansa na laka a cikin salansa ko a akwatin tace iska. Duk roba ta ƙeƙashe.

To, a nan ne ake tafka babbar ɓarna, kuma a ranar farko ake tafka ta. A fito da babur tsakar gida, a aiki yaro ya sayo fetur lita ɗaya, a yi ta dukan kiki, in ya ƙi samarin unguwa su taru su tura. Idan ringi ya kama, wannan ƙarfin ko ya karya shi ko ya sa ya karce silinda. Idan kuma aka yi rashin sa'a ya tashi, ya fi muni, domin zai yi gudu a bushe yana zuƙar tsatsar tanki. Ɓarnar da shekara ashirin ba ta gama yi ba, sai a ƙarasa ta cikin minti biyar.

Tsohon bakanike ba haka yake yi ba. Fulogi zai fara cirewa, ya ɗiga baƙin mai kaɗan ko man gas a ramin, ya ce maka, "Alhaji, a bar shi ya sha, a dawo jibi." Idan an dawo, sai ya sa giyar ƙarshe, ya kama tayar baya da hannu yana ɗan juya ta gaba da baya a hankali, har ya ji fistin ya motsa. Sai ya zubar da tsohon baƙin mai ya duba abin da ya fito: ruwa ne, ko ɓurɓushin ƙarfe? Daga nan ya toshe ramin fulogi da babban yatsa, yaronsa ya taka kiki. Idan iska ta ture yatsan da ƙarfi har ta yi fus, injin yana da sauran rai. Inji abu uku yake buƙata: mai da iska a daidai gwargwado, ƙarfin matse su, da wuta a daidai lokacinta. Ɗaya bayan ɗaya ake bin su, ba a cakuɗa su, domin wanda ya taɓa komai a lokaci guda ba zai taɓa sanin abin da ya gyaru da abin da ya ɓata ba.

Wankin kafireto aiki ne na haƙuri. A kwance shi a kan tsumma mai tsabta, a jera kowane ƙarfe yadda ya fito, a jiƙa, a busa, a ɗaga kowane ɗan bututun tagulla a hango haske ta cikinsa. Abin da na fi jin haushi shi ne in ga an zura allura ko wayar ƙarfe a ramin. Tagulla ba ta da tauri; da zarar ramin ya faɗaɗa, ko da ido bai gani ba, babur ya shiga shan mai da baƙin hayaƙi ke nan har abada, mai shi ya yi ta zargin masu gidan mai. Tsatsar tanki kuma ana fitar da ita ta hanyar zuba ƙananan notina a jijjiga, sannan a jiƙa da ruwan tsami irin binega, a ɗauraye, a busar da sauri kafin sabuwa ta hau. In akwai huji, kada a yarda mai walda ya kusanto da wuta sai an wanke tankin sarai. Tankin da babu mai sai tururinsa ya fi cikakke saurin fashewa.

Idan silinda ta karce, sai a kai ta wurin masu injin gyaran ƙarfe su faɗaɗa ramin, a sa fistin da ya ɗara na asali. Mataki-mataki abin yake: 0.25, 0.50, 0.75, har 1.00 na milimita. Kowane mataki rayuwa ce guda ta injin. Sau da yawa mai sayar da kaya zai ce ba shi da na farko sai na ƙarshe, bakanike mai gaggawa ya ce a sa kawai. Wanda ya yarda ya cinye rayuwa huɗu a zama ɗaya. Gara a jira mako biyu a samo daidai.

Akwai wani wuri a tsofaffin Honda da ko masu su na asali da yawa ba su san da shi ba. Ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota. Abin da suke da shi ɗan raga ne da wani ɗan kofi da ke juyawa tare da inji, yana wurga dattin mai gefe ya manne a jikinsa. In aka buɗe shi bayan shekaru, za a tarar da baƙin abu ya daskare kamar tukuɗi. Dole a kankare shi, domin sandar da ke buɗe bawul a waɗannan injuna a kan alminiyam take juyawa kai tsaye, babu boris, mai kaɗai ke raba su. In man ya yanke na ɗan lokaci, kan injin ya tafi, kuma kan injin CD175 ba abu ne da ake samu a kowane shago ba. Kafin ma a kai ga kofin akwai jarrabawa: kusoshin murfin injin Japan kansu yana kama da na sukundireba mai tauraro, amma yankan ya ɗan bambanta, sai sukundireban ya zame ya cinye kan. Da wanda ake doka wa guduma ake kwance su.

Wajen wuta ne ake gane bakaniken da ya ga jiya. Yaran yanzu a kan CDI suka tashi, ɗan akwatin da in ya mutu sai a cire a jefar a sa sabo. Tsohon babur kuwa da kwantak yake aiki, wasu 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa, kuma a daidai lokacin rabuwarsu ne kwayil ke harba wuta zuwa fulogi. Tazararsu a buɗe tsakanin 0.3 ne da 0.4 na milimita. Tsohon hannu zai saƙala siririyar takarda a tsakaninsu, ya riƙa juya inji a hankali yana ɗan jan ta. Inda ta suɓuce, nan ya kamata alamar F ta zo daidai da layinta. Sannan wutar yawancinsu bolt 6 ce, ba 12 ba. A ɗaura musu batirin zamani, ƙwayaye su ƙone nan take, kwayil ya biyo baya.

Vespa da sauran masu hayaƙi nasu lissafin daban ne. Injinsu ba shi da wurin zaman baƙin mai a ƙasan fistin, a wasunsu a cikin fetur ake haɗa masa, kuma ga yawancin Vespa da aka sani a nan kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita. Abin tsoro a cikinsu shi ne robobin da ke toshe gefen kiranshaf. In sun bushe, inji ya riƙa zuƙar iskar da ba a lissafa da ita ba, mai ya yi ƙaranci, zafi ya ƙaru, fistin ya kama ana tsakiyar gudu. Ko da sun yi kyau a ido, a canza su.

Ina za a samo kaya? A Kano akwai Ƙofar Ruwa, a Kaduna akwai Fanteka, kuma uwa-uba kasuwar Nkwo ta Nnewi a jihar Anambra, wadda ita ce cibiyar kayan babur a ƙasar nan. Mai Vespa yana da sa'a, domin Bajaj da LML na Indiya sun daɗe suna ƙera irinta, kayansu da yawa suna hawa. Mai ƙaramar Honda Cub ma haka: an fara ta a 1958, zuwa 2017 an ƙera miliyan 100, kuma an kwaikwayi injinta a ko'ina. Mai Benly mai silinda biyu shi ne zai sha yawo, kuma dabarar da ta fi ita ce ya sayi wata matacciya ya riƙa cira a jikinta. Za a ba shi shawarar ya sauke injin gaba ɗaya ya ɗora na Sin. In abin hawa kawai yake nema, babu laifi, su ma injunan daga Honda CG125 ta 1975 aka kwaikwayi da yawansu, kuma suna da juriya. Amma ya sani ba babur ɗin mahaifinsa ya tayar ba, kuma lambar injin ba za ta ƙara dacewa da takardu ba. A wannan zamani na satar babura da shingayen jami'an tsaro, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun kafin a kashe sisi ma ya kamata a nemo takardun, a kuma sami yardar sauran magada, don babur ɗin da ba wanda ya kula da shi a zaure yana iya samun masu shi da yawa ranar da ya fito yana ƙyalli.

Taya da birki ba a ciniki a kansu. Tsohuwar taya ko zanenta bai goge ba ta riga ta mutu. Waɗanda aka yi daga shekarar 2000 suna da lamba huɗu a gefe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Fatar birki da gam aka manna ta, tana iya ɓallewa ta cije taya. Kuma kada a hure ƙurar cikin birkin da baki, don tsofaffin suna ɗauke da asbestos mai lahanta huhu; da jiƙaƙƙen tsumma ake sharewa.

Sai bayan duk wannan ake maganar fenti, ko da yake mu a nan da shi muke son farawa, har da sitika da sabon kushin, a kai babur gida ana turawa. Ni a ganina, in fentin asali bai ɓare ba, a wanke shi a goge a bar shi. Na kamfani gasasshe ne, wanda za a fesa a bakin titi da wuya ya ga damina biyu. Kuɗin ya fi amfani a cikin inji.

Ranar da ya tashi ma aiki bai ƙare ba. Sabon ringi sai ya goga da silinda sun saba, don haka a 'yan ɗaruruwan kilomita na farko ba a murɗe totur, ba a ɗaukar goyo da buhu, ba a kuma barin sa yana ta aiki a tsaye cikin rana, tunda iskar tafiya ce kaɗai ke sanyaya shi. Daga nan a juye baƙin man tun da ɗuminsa a zuba sabo, a sake auna tazarar bawul inji yana sanyi, a bi notina ɗaya bayan ɗaya a ƙara ɗaure su, domin sabon gaskit yana kwanciya bayan ya sha zafi.