Gizo Ya Shiga Aji

A can da, sai an ci tuwon dare ake yin tatsuniya, har ma akan tsoratar da yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata a kasuwa. Amma tun a 1971 Malam Ibrahim Yaro Yahaya ya kai ta aji da rana tsaka, da littattafansa na Tatsuniyoyi da Wasanni. Yau kuwa ana neman a mai da ita zane mai motsi, watau katun, domin 'yan firamare.

Dabarar tana da tushe. A 1998 aka fitar da fim ɗin Kirikou a Faransa, wanda aka gina bisa tatsuniyoyin Afirka ta Yamma, ya kuwa karɓu ƙwarai. Lalle yaron da ya ga Gizo yana raba wa Ƙoƙi gyaɗa da son kai zai riƙe darasin rabawa fiye da wanda aka rubuta wa lambobi a allo.

Sai dai fa akwai abin lura. Tatsuniya ba ta tafiya sai da amshi, akwati kuwa ba ya sauraron kowa. Saboda haka wajibi ne malami ya riƙa tsai da hoton, ya tambayi yara abin da Kura za ta yi, su rera waƙar, su sake ba da labarin da bakinsu. In ba haka ba, za a sami 'yan kallo, a rasa masu gadon kaka.