Yadda Yaro Zai Gane Karatun Turanci

'Yan'uwa, sau da yawa abin da ke ka da yara a jarrabawar Turanci ta hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, shi ne bin kalma ɗai-ɗai, har ma'anar labarin ta kuɓuce musu.

Ga misali. A ce an ba yaron Yauri labarin yadda aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai, aka ta da Gungawa zuwa sababbin ƙauyuka. Da ya tarar da kalmar "bank" sai hankalinsa ya tafi gidan ajiyar kuɗi, alhali kuwa gaɓar Kwara ake nufi, inda ya saba ɗaure jirgi. Da ya dubi kalmomin da ke kewaye da ita, da sun gaya masa.

Saboda haka mu koya musu abu uku. Su karanta labarin duka sau biyu. Sa'an nan su rufe littafi, su ba da shi da Hausa. In sun iya, sun gane ke nan, sai su amsa tambayoyi da Turancin bakinsu. Allah ya ba su sa'a, amin.