Rage kuɗin duwan: wa ke ci, wa ke kuka?

Ƴan uwa manoma na Madarumfa, kun san duwan ta Ɗan Isa, bisa hanyar Jibiya. Kuɗin da kamiyo ke biya can, mai saye ne ke biyansu a kasuwa.

A shekara ta 2000, ƙasashen UEMOA, har da Nijar, suka daidaita kuɗin duwan bisa kayan da ke shigowa daga nesa. Suka yi mataki huɗu: babu kome, kashi 5, kashi 10, da kashi 20 cikin ɗari. Shinkafa ta faɗa cikin kashi 10, garin madara na manyan buhuna cikin kashi 5.

Wa ya ci riba? Mai saye. Ku duba gidajenku: sau da yawa rumbu na ƙarewa tun damana ba ta faɗi ba. Daga nan manomi ma mai saye ne. In cimaka ta shigo da sauƙi, jikarsa ɗaya ta ƙara auki.

Wa ya yi kuka? Mai saidawa. Bafillatana mai tallan nono tana gasa da garin madara na Turai. Manomin shinkafa na bakin kogin Kwara yana gasa da ta Asiya. Gomnati kuma, in kuɗin duwan sun ragu, sai ta nemi wani haraji.

To, rufe iyaka ne magani? Mun gani da ido. Najeriya ta rufe daga 1984 zuwa 1986, ta sake daga 2019 zuwa 2020, ta kuma rufe a 2023. Kowane karo wake da bisashe sun rasa masu saye, kayan masarufi sun yi tsada, ƴan sumoga sun ci kasuwa. Talaka ya sha wuya gaba da baya.

Ke nan buɗe ƙofa na taimakon talaka, amma sai in yana da abin saidawa, kuma bai saida shi da arha ba. Kada ku kwashe hatsi ku kai kasuwa da kaka. Ku ajiye wani kashi a bankin cimaka na gari. Ku riƙe noman rani, kamar masu zogale na Jiratawa. Tun da kun iya karatu, ku rubuta farashin tiya kowace ranar kasuwa, ku gwada na kaka da na bazara.

Allah ya ba mu damana mai albarka.